Lambun da Ya Yi Shekara Huɗu a Yashe: Yadda Aka Tayar da Shi a Bazara Ɗaya

Lambun yana bayan wani gida ne a Zariya, gidan gwaggona, yayar mahaifina. Filin bai wuce mita 12 a tsaye da mita 9 a kwance ba. Katangar ƙasa ta kewaye shi ta gefe uku, gefe na huɗu kuma danga ce ta raba shi da tsakar gida. Mijinta, Allah ya jiƙansa, shi ya kafa shi, ya kuma riƙe shi fiye da shekara 20. Akwai rijiya a kusurwar gabas, da mangwaro ɗaya, gwaiba, lemun tsami biyu, gwanda, da layin zogale a jikin katanga. Tsakiyar filin fangali ne a jere, inda Malam yake noman latas, albasa, karas da tumatir da rani, damina ta zo ya koma kuɓewa da ganyen miya. Gidan bai san sayen alayyafo ba, maƙwabta ma sun amfana.

Malam ya rasu a 2020. A farkon Maris na 2024 aka kira ni in duba wurin, saboda aikina na malamin gona. Danga ta faɗi, gara ta ci rabinta, awakin gidan da kaji suna shiga suna fita yadda suka ga dama. Busasshiyar ciyawa ta kai gwiwa, cike da ƙarangiya da kashin yawo, tumfafiya ta tsiro nan da can. Gefen rijiya aya-aya ta mamaye shi, don can ne kaɗai ake samun ɗan danshi. Kusurwar yamma, bayan ɗakin Gwaggo, ta zama juji: toka, leda, gwangwanaye, tsofaffin batura, fasassun kwalabe. Indararon ɗakin yana zuba kai tsaye cikin lambun, damina huɗu sun zaizaye wurin har gindin katanga ya fara cinyewa. Ƙasar fangalin ta yi ɓawo ta daskare, in ka zuba ruwa sai ya gudu a kai bai nutse ba. Zogale ya ninka katanga a tsawo, ganye ƙalilan can sama inda hannu ba ya kaiwa. Kauci ya kama lemun duka biyu.

Babban ɗan gidan, wanda ke aiki a Kaduna, ya zo da shawararsa a shirye, da kuɗi a hannu. A ɗauko 'yan ƙwadago su sare komai ban da mangwaro, a banka wuta, a fesa maganin ciyawa, a sayo buhun takin zamani, a dasa tumatir. In hakan ya gagara, a shafe wurin da siminti kowa ya huta. Niyyarsa mai kyau ce. Ganin mahaifiyarsa tana aika yaro kasuwa sayen ganyen da a da take tsinka a bayan ɗakinta yana ci masa rai. Sai dai shawarar ta tsallake tambayar farko, wato me ya kashe lambun.

Abin da ya kashe shi

Gwaggo ce ta ba da amsar. Ta ce, "Ɗan nan, ai ba da gangan muka yar da shi ba. Shekarar farko na gwada, ba a daɗe ba bayana ya riƙe. Malam kullum daga sallar asuba yana bakin rijiyar nan har hantsi, da la'asar ya koma. Wa zai yi wannan yanzu?"

Maganarta ta sa na zauna na yi lissafi. A zafin Maris da Afrilu, kayan lambu a wannan yanki suna shan abin da ya kai lita 6 ko fiye a kowace murabba'in mita, kowace rana. Fangalin Malam sun kai kimanin murabba'in mita 70. Lita 420 ke nan a rana, kusan jarka 17 ta masu kura mai lita 25. In guga tana ɗaukar lita 10, jan guga 42 ke nan, kullum, babu Juma'a babu Sallah, sannan a ɗauka a kai kowane fangali. Aikin namiji ne mai ƙarfi wanda ya mai da lambun sana'arsa da abin ɗebe kewarsa. Waɗanda suka rage a gidan kuwa su uku ne: Gwaggo da ta haura 65, jikanta ɗan shekara 15 da ke sakandare, da ƙanwarsa. Sayen ruwa ma ba mafita ba ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, tayar da janareta a ɗago ruwan burtsatse ya yi tsada, masu kura kuma suka ƙara kuɗi. Wanda zai sayi jarka 17 kullum don ya noma alayyafo, gara ya sayi alayyafon.

A ganina da yawa daga lambunan gida da suka mutu a garuruwanmu haka suka mutu. Mutum ɗaya ya gina su daidai ƙarfinsa, ya rasu ko ya tsufa ko aiki ya ɗauke shi, waɗanda ya bari suka ga nauyin ya fi su. Sai a zo gyara a ɗora laifin a kan ƙasa, a zuba taki, a maido da lambun yadda yake a da, kafin rani ya ƙare ya sake mutuwa, kowa ya ce wurin ne ba shi da albarka. Da an bi shawarar Yaya, wato babban ɗan gidan, da an sami fili fes da tumatir jere a watan Afrilu, kuma da nauyin jarka 17 ɗin nan ya dawo kan tsohuwa da yara biyu.

Don haka kafin a ɗaga fartanya aka yanke girman lambun. Na tambayi yaran abin da za su iya ba tare da makaranta da Islamiyya sun taɓu ba. Muka tsaya a kan jarka 4 a rana. Jarka 4 lita 100 ce, tana riƙe murabba'in mita 16, wato fangali huɗu masu faɗin mita 1 da tsawon mita 4. Waɗannan huɗu, a kusa da rijiya, su ne lambun da zai rayu rani da damina. Sauran filin na damina ne kawai, a shuka abin da ruwan sama zai raina, kaka ta yi a girbe a rufe shi.

Na ce wa babban ɗan, "Yaya, kuɗin nan kada a kashe su a kan taki da magani. A yashe rijiya, a sayi tanki, a gyara indararo, a sa raga a madadin dangar nan."

Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "To, kai ne malamin gona. Ni dai kada ka bar wa Hajiya aikin da zai kwantar da ita."

Sharar da ba a banka wa wuta ba

An ɗauki azumi ranar 11 ga Maris a shekarar, don haka duk aikin ƙarfi tsakanin asuba da hantsi aka yi shi. Abu na farko shi ne zagayawa a ga me ke da rai. A bazara komai yana kama da matacce, amma in ka kankare ɓawon reshe da farce ka ga kore a ƙarƙashi, yana nan da ransa. Da wannan gwajin muka gano kututturan lalle a layin tsohuwar danga, waɗanda awaki suka gwaguye har ƙasa, da shuwaka guda biyu, da ɗaɗɗoya a bayan rijiya. Kowanne aka ɗaura masa tsumma don kada adda ta bi ta kansa. Manoman Maraɗi sun daɗe da nuna amfanin wannan. Sassaben zamani, wato barin kututturan gona su sake tsirowa ana gyara su, da ya bazu a can tun daga 1983, lokacin da wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa kututturan da ake sarewa kowace shekara itatuwa ne masu saiwa da rai, ya maido da itatuwa a kan kimanin hekta miliyan 5 a Nijar ba tare da dashe ba. Kututturen da ya riga ya yi saiwa mai zurfi yana tashi da sauri fiye da kowane dashe, kuma ba ya neman ban-ruwa.

Sharar kanta da takalmin ruwa da manjagara mai dogon ƙota aka yi ta. Wurin da ya daɗe a yashe maɓoyar kunama ce da maciji, zafin bazara kuma shi ke fito da su. Ba a bar yaro ya sa hannu ƙarƙashin tarin kara ko bulo ba sai an juya shi da sanda.

Abin da aka share aka kasa shi uku. Ciyawar da ba ta da 'ya'ya, ganyen mangwaro da ruɓaɓɓen karan danga aka tara gefe ɗaya, su ne abincin ƙasar. Ƙarangiya, kashin yawo, rassan da kauci ya kama da saiwoyi masu cuta aka ƙone a rami ɗaya. Leda, kwalabe da batura aka fitar daga gidan. Na san al'adarmu ita ce a cinna wuta a huta, kuma toka tana da nata amfanin, tana ba ƙasa sinadarin fotash. Amma wuta tana aika yawancin naitirojin ɗin da ke cikin ciyawar sama, ta kuma hallaka ɓangaren da zai ruɓe ya sassauta ƙasa. Ƙasar da ta yi ɓawo kamar ta wannan lambu ruɓaɓɓen abu take nema fiye da komai.

Jujin ya jawo gardama. Ƙasarsa baƙa ce wuluk, jikan Gwaggo ya so a kwashe ta a zuba a fangali, kuma yana da hujja, don takin bola ne manoman kewayen Kano suka daɗe suna ɗauka a mangala suna raya gonakinsu. Amma bolar da ta zama taki a da toka ce da kashin dabbobi da sharar tsakar gida. Wannan kuwa batura sun fashe a cikinta sun ruɓe, abin da ke cikinsu ya shiga ƙasar, ganye kuma yana iya zuƙarsa. Aka kwashe saman aka fitar, aka daddaɓe wurin aka yi dakali, tankin lita 1,000 ya zauna a kai, daidai ƙarƙashin indararo. Rufin kwanon ɗakin ya kai murabba'in mita 40, ruwan sama na milimita 20 kaɗai yana zubo kusan lita 800 daga kansa. Duk wannan ruwan ne yake ta cin gindin katanga. Tankin ba zai raba gidan da jan guga da rani ba, amfaninsa shi ne ya tsare katanga, ya kuma cike giɓi in sama ta ɗauke a farkon damina ko ƙarshenta. Ruwan farko ba a tara shi, ana barinsa ya wanke ƙurar hunturu daga kwano, kuma murfin tankin ba ya zama a buɗe saboda sauro.

Rijiyar masu sana'ar yasa aka kira suka yashe ta, tunda a bazara ruwanta ya fi ja baya. Wannan ba aikin yaran gida ba ne, iskar ƙasan rijiya tana kisa. Aka yi mata murfi, aka kafa ƙarfe mai juyawa da igiya ke bi ta kansa, jan guga ya yi sauƙi har ƙanwar tana iyawa.

Zafin da aka sa aiki

Mutane suna ganin bazara lokaci ne da ba a iya komai a lambu. Shuka dai ba ta yiwuwa sosai, tumatir ma furensa zubewa yake yi in zafi ya haura digiri 35. Amma akwai ayyuka biyu da ranar Afrilu ce kaɗai ke iya yin su kyauta.

Na farko aya-aya. Duk wanda ya yi fama da ita ya san noma da fartanya ƙara mata yawa yake yi, don 'ya'yanta a ƙarƙashin ƙasa a sarƙe suke da juna, in ka tsinka sarƙar kowanne sai ya tsiro da kansa. Abin da ba ta jurewa shi ne bushewa. Aka haƙe gefen rijiyar da diga, aka juyo ƙasar sama, aka tsince abin da ido ya gani, aka hana wurin ruwa, bayan mako guda aka sake juyawa. 'Ya'yan da rana ta gasa har suka bushe ƙamas ba sa sake tsirowa. Ba ta ƙare duka ba, aya-aya ba ta ƙarewa a shekara ɗaya, amma ta ragu zuwa abin da hannu ke iya cirewa.

Na biyu ya fi muhimmanci. Da muka tuge busassun kuɓewar da suka tsiro da kansu a daminar da ta wuce, sai ga saiwoyinsu duk ƙulle-ƙulle kamar 'ya'yan carbi. Gwaggo ta tuna cewa a shekarunsa na ƙarshe Malam yana yawan kukan tumatir ɗinsa yana yaushi da rana tsaka ko da ya sha ruwa da safe. Alamar tsutsar saiwa ke nan, wata 'yar mitsitsiyar tsutsa da ido ba ya gani, wadda ke shiga saiwa ta kumbura ta har ruwa ya kasa hawa. Tana taruwa ne inda aka daɗe ana maimaita tumatir, kuɓewa da gauta a wuri ɗaya. Da an zuba takin zamani an dasa tumatir a nan, da kuɗin sun tafi a banza. Abin da aka yi wa fangalin huɗu shi ne aka kafce su, aka baje, aka jiƙa su sharkaf sau ɗaya, aka shimfiɗa farar leda wadda ake ganin ƙasa ta cikinta, aka binne bakinta ta kowane gefe don kada iska ta shiga. Haka suka zauna mako shida, daga ƙarshen Maris zuwa farkon Mayu. Rana tana ratsa farar leda ta dafa jiƙaƙƙiyar ƙasar da ke ƙarƙashi, zafin saman ƙasar ya haura digiri 45, ya kashe yawancin tsutsar da 'ya'yan ciyawa. Baƙar leda ba ta yin wannan aiki yadda ya kamata, kanta take ɗumamawa. Busasshiyar ƙasa ma ba ta kai zafin ciki. Wannan dabara ta dace da gidan ta wata fuskar kuma: mako shida mafi zafi a shekara suka wuce babu wanda ya ja guga saboda fangali.

Sauran filin da ya yi ɓawo ba a haƙe shi ba. Aka watsa masa kashin awaki, aka lulluɓe shi da ciyawar da aka tara. Gwaggo ta ce gara za ta zo, kuma ta zo. A nan zuwanta ake so. Gara tana cin busasshiyar ciyawa tana huda ƙasa, ramukanta su ne hanyar da ruwan farko zai bi ya nutse. Abin kiyayewa shi ne kada lulluɓin ya taɓa gindin itace ko katanga, a bar tazarar tafin hannu biyu.

Mafi kyawun takin da aka samu yana cikin gidan tun da farko. Ƙarƙashin turken awaki akwai kashi na shekaru da ya ruɓe ya zama gari, ba wari ba zafi. Shi aka zuba a fangalin bayan an yaye leda. Aka kuma haƙa ramin taki, ana jera ciyawa, kashin dabbobi, ɓawon kayan miya da 'yar toka, ana yayyafa ruwan wanke-wanke, ana juyawa duk mako biyu. Wannan sai ya yi wata biyu zuwa uku kafin ya nuna. Ɗanyen kashin kaji cikin ramin yake shiga, don in aka zuba shi kai tsaye ƙone tsiro yake yi. Takin zamani mudu biyu kawai aka saya, na masara.

Itatuwan

Kowanne da nasa hukuncin, kuma a nan ne sare-komai zai fi yin ɓarna.

Zogale aka datse shi daidai ƙugu a ƙarshen Afrilu. Gwaggo ta tsaya tana kallo ranta ba daɗi, ta ce Malam bai taɓa sare shi haka ba. Zogale kuwa yana son sara, yana fito da rassa da yawa daga ƙasa inda hannu ke kaiwa. Rassan da aka sare aka yanka su tsawon mita guda aka kafa a jikin sabuwar ragar, tsakanin kututturan lalle, don nan gaba su zama shinge mai rai.

Mangwaro ba a taɓa shi ba sai da 'ya'yansa suka ƙare. Bayan nan aka rage rassan da ke jefa inuwa a kan fangali. Gwaiba tana yin 'ya'ya a sabon reshe, don haka aka cire matattun rassa da waɗanda suka cushe a tsakiya. Gwandar ta tsufa ta yi tsawo, 'ya'yanta sun ƙanƙance. Gwanda ƙarfinta a shekaru ukun farko yake, sai aka sare ta aka shuka sababbi, uku a rami, don in sun yi fure a bar mata a rage maza.

Lemun ne suka fi wahala. Kauci tsuntsaye ke kawo shi, suna cin 'ya'yansa masu danƙo su goge baki a reshe, ya tsiro ya soka saiwarsa cikin itacen yana shan ruwansa. Tsinke ganyensa ba ya maganinsa, sai an yanke reshen can ƙasa da inda ya kama. Ɗaya daga cikin lemun rassa kaɗan kauci ya kama, aka yanke su. Ɗayan kuwa ya ci manyan rassan duka, ga gindinsa da zaizayar indararo ta binne cikin laka yana fitar da danƙo. Aka tone gindin ya sha iska, aka yanke abin da za a iya yankewa, aka yi wa kowanne kewayen ban-ruwa daidai inda inuwar ganyensa ta tsaya, don can saiwar da ke shan ruwa take. Ruwan alwala da na wanke shinkafa da kayan miya aka riƙa kai musu. Ruwan wanki mai omo ba ya zuwa kan ganyen ci. Na farkon ya farfaɗo. Na biyun bai kai tsakiyar damina ba, aka cire shi.

Shuka

Malam ya bar gwangwanin madara cike da ƙunshin iri. Maimakon a zubar ko a shuka a kan sa'a, aka ɗebi ƙwaya 10 daga kowanne aka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma aka ajiye a inuwa. Albasa da latas ko ɗaya bai tsiro ba, dama irinsu ba ya daɗewa. Alayyafo da yakuwa suka tsiro sosai. Kuɓewa rabi ta fito, aka jiƙa ta kwana ɗaya aka ninka yawan da ake sawa a rami. Gwaggo ta fi murna da wannan kuɓewar fiye da komai, don iri ne da Malam ya riƙa ajiyewa shekara da shekaru. Sauran iri aka saya. A Zariya wannan ba wahala ba ne, tunda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda asalinta ya kai 1922, tana nan, irin masararta kuma sananne ne.

Da aka yi ruwan farko jikan ya ɗauko fartanya zai shuka, aka dakatar da shi. Ruwan farko a Zariya yakan zo ya ɗauke, wanda ya bi shi ya yi asarar iri. Aka jira sai da aka tona ƙasa tsawon tafin hannu aka tarar da danshi har can, aka kuma ga ruwan ya fara biyo juna.

Fasalin wurin ma ya canza. Fangali a nutse yake don ya riƙe ruwa da rani. Zariya kuwa tana samun kusan milimita 1,000 na ruwa a shekara, kaso mai yawa a Yuli da Agusta, fangali a wannan lokaci tafki yake zama. Sai aka ɗaga huɗun nan suka zama tudu, a sauran filin aka yi kunya, aka fitar da magudana ta ƙarƙashin katanga. A tudun aka sa alayyafo, wanda ake gauraya irinsa da yashi don kada ya cushe, da lalo, da kuɓewar Malam, da attaruhun da aka rena a inuwar mangwaro tun Afrilu. A kunyoyin da ba a dafa ƙasarsu da leda ba aka zaɓi abin da tsutsar saiwa ba ta cika damu ba: masara, gyaɗa da yakuwa. Rama ba ta shiga ba duk da Gwaggo tana sonta, don ita tsutsar tana kama ta ƙwarai, yakuwa kuwa tana jurewa.

Tumatir ya sake tasowa. A Mayu da Yunin 2024 farashinsa ya yi tashin da kowa ya ji a jikinsa, ga Babbar Sallah a tsakiyar Yuni, Yaya ya bugo waya ya ce ko gindi goma a dasa. Tumatir na damina yana fama da cututtukan ganye, ga tsutsar nan mai cin ganye da 'ya'yan tumatir da ta cinye gonakin Kaduna da Kano a 2016 ba ta bar ƙasar ba. Aka dasa masa kaɗan a buhuna da sabuwar ƙasa kusa da madafa. Sun yi 'ya'ya, amma ba abin a zo a gani ba. Ƙwarin ganye kuwa da darbejiya aka yi maganinsu: rabin kilo na dakakkun 'ya'yanta a lita 10 ta ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma.

Abin da ya biyo baya

Alayyafo ya isa yanka cikin mako huɗu. Kuɓewa ta fara a wajen mako na takwas, ana tsinka duk bayan kwana biyu ko uku, kuma da aka tuge ta a ƙarshe ƙulle-ƙullen saiwarta kaɗan ne ƙwarai. Zogalen da aka datse ya cika da ganye a tsayin da Gwaggo ke tsinka da kanta, har tana shanyawa a inuwa tana ajiyewa. Lalle ya tashi. Masara ta yi matsakaici, gefen da inuwar mangwaro ke kaiwa bai yi goyo mai kyau ba. Biyu daga sababbin gwandar da ke kusa da magudana ruwan Agusta ya kwanta a gindinsu suka ruɓe, don gwanda ba ta jure ruwa a saiwa ko na kwana biyu. Aya-aya ta sake leƙowa a bakin rijiya, an sa ta a aikin bazara mai zuwa.

Da kaka ta yi, aka ba awaki harawar gyaɗa, aka kwantar da karan masara a kan kunyoyin, aka rufe wannan ɓangaren har damina. Tudun huɗu aka mai da su fangali, aka sa latas, albasa, karas da alayyafo, kowanne a wurin da ba shi ya zauna ba a baya, aka lulluɓe tsakaninsu da ciyawa. Da sanyin hunturu ko jarka 4 ɗin ba a kaiwa.

Akwai abin da aka riga aka tattauna tun yanzu. Jikan zai gama sakandare nan da ɗan lokaci, mai yiwuwa karatu ya ɗauke shi daga gidan. An yarda cewa in hakan ta faru fangalin rani za su koma biyu. A gindin attaruhu da lemun da ya rage an fara gwada binne tulu na ƙasa wanda ba a shafe shi da komai ba, a binne shi har wuya, a cika shi da ruwa a rufe bakinsa, ruwan yana tsattsafowa ta jikinsa zuwa saiwa a hankali. Cikawa ɗaya tana kai kwana biyu zuwa uku, kuma Gwaggo da buta take yi.